Yadda za ka auna kyan titin tsakiyar birni da ƙafarka

Musu a kan kyan gini ba ya ƙarewa. Wannan ya ce shi tsohon gini mai ado da ginshiƙai yake so, wancan ya ce ai duniya ta wuce nan, gilashi da ƙarfe su ne wayewa. A yi ta tura wa juna hotuna a waya har dare ya raba, kowa ya tashi da ra'ayin da ya zauna da shi. Ni safiyo ne, awon filaye ne abincina, kuma sana'ar ta bar mini wata ɗabi'a: idan aka ce mini wuri ya yi kyau, sai in nemi tsawonsa da faɗinsa. Da na riƙa yi wa titunan da jama'a ke yabo wannan tambayar, sai na tarar yawancin yabon da ake kai wa salon gini, masu shi na gaskiya su ne ƙofofi da inuwa da tsayin gini a kan faɗin titi. Salo yana da nasa rabon, kuma zan zo kansa. Amma a ƙarshe ya kamata a duba shi, shi kuwa kowa da shi yake farawa.

Kayan aikin ba su da yawa: takalmin da ba ya cin ƙafa, ɗan littafi da biro, da awa guda wadda babu mai jiranka a cikinta. Waya ta zauna a aljihu tukuna. Hoto yana yanke abin da bai yi masa daɗi ba, kai kuwa abin da aka yanke ɗin ka fito nema.

Sharaɗi na farko, ka sauka daga mota. Mai tafiya a ƙafa yana cin kimanin kilomita 5 a awa, mota a cikin gari tana iya ninka haka sau goma. Ginin da ya burge ka ta tagar mota cikin daƙiƙa bakwai, a ƙafa sai ka yi fiye da minti guda kana bin jikinsa, kuma a wannan mintin ne za ka san ko yana da abin ba ka.

Fara da ƙofofi

Takun babban mutum bai cika wuce santimita 75 ba, saboda haka taku 130 ya kai mita 100 ko kusa da haka. Zaɓi gefe ɗaya na titin, ka yi taku 130, kana ƙirga ƙofofin da mutum zai iya shiga daga titi: shago, gidan shan shayi, ƙofar hawa bene, ofis, komai. Ƙofar da aka garƙame da kwaɗo aka jingina mata tukunyar fulawa ba ta cikin lissafi. Mashigar motoci ma haka.

Jan Gehl, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak wanda ya ƙare rayuwar aikinsa yana kallon yadda mutane ke tafiya da tsayawa a titi, ya sa ma'auni mai sauƙin riƙewa. Titi mai rai yana da ƙofa 15 zuwa 20 a cikin mita 100. Wanda ba ya da ko ɗaya, ko yana da biyu kacal, matacce ne komai tsadar dutsen da aka lulluɓe shi da shi. Yi lissafin da kanka: ƙofa a duk mita biyar ko shida na nufin duk bayan daƙiƙa huɗu ko biyar idonka ya samu sabon abin kallo.

Idan ka iso jikin doguwar katanga marar ƙofa, irin ta bayan banki ko ta gefen katafaren kanti, kada ka wuce. Jingina a tsallaken titi ka kalli ƙafafun mutane. Za ka ga mai tafiya a hankali ya ƙara sauri ba tare da ya sani ba. Biyu da ke hira su yi shiru har su wuce. Mai waya ya sunkuyar da kai. Babu mai tsayawa ɗaure igiyar takalmi a wurin, sai ya kai inda shaguna suka ci gaba. Sau da yawa a jikin irin wannan katanga za ka tarar da bakin na'urar sanyaya ɗaki tana huro iska mai zafi daidai fuskar mai wucewa, ruwanta yana ɗiga ya bar baƙin layi a bango. Ginin yana iya zama na gargajiya mai sassaƙa a sama, yana iya zama na gilashi, ƙafafun ba su bambanta su.

Tsayi da faɗi

Ƙirga hawan benen da ke gabanka, ka ba kowane hawa mita uku, ka ƙara ɗaya saboda na ƙasa yakan fi sauran tsayi. Sannan ka auna faɗin titin da taku daga bango zuwa bango, a wurin tsallakawa, kana lura da motoci. Idan tsayin da faɗin sun zo kusan ɗaya, ko faɗin ya ninka tsayin sau biyu zuwa uku, jikinka zai ji titin ya rungume shi. Idan faɗin ya ninka sau shida ko fiye, gine-ginen sun saki titin, kana tafiya a fili ne kawai. Idan kuma tsayin ne ya ninka faɗin sau da yawa, rana ba ta sauka ƙasa, iska ta riƙa dukan gini tana gangarowa da ƙarfi.

Paris da ake ta kawo misali da ita ba tsautsayi ya sa ta zama haka ba. Tsakanin 1853 da 1870, a zamanin sarki Napoleon na Uku, shugaban mulkin yankin Paris mai suna Haussmann ya tsaga manyan tituna a cikin tsohon birnin, kuma dokar 1859 ta ba da izinin gini ya kai mita 20 a titin da faɗinsa ya kai mita 20. Ɗaya da ɗaya ke nan. Ga farar ƙasar dutse iri guda, ga doguwar baranda a hawa na biyu da na biyar tana tafiya a layi daga gida zuwa gida, ga rufin da ya kwanta baya don haske ya shigo. Hawa shida ko makamancin haka suka tsaya, wani ɓangare saboda lif bai yaɗu ba a lokacin, shi ya sa ma masu hali suke zama a hawa na biyu, 'yan aiki a can ƙarƙashin rufi. Wannan tsayin ya dace da idon ɗan Adam: daga hawa na biyar kana iya gane wanda ke ƙasa har ka kira shi, sama da haka kun rabu.

A Basalona, tsarin da injiniya Ildefons Cerdà ya zana a 1859 ya ba yawancin tituna faɗin mita 20, kowane rukunin gidaje kuma mita 113 a kowane gefe, sannan aka yanke kusurwoyin a karkace, ta yadda duk mahaɗa ta zama ɗan dandali. Abin lura a nan shi ne salon gidajen ba ɗaya ba ne ko kaɗan. A titin Passeig de Gràcia gidan Batlló da mai zanen gini Gaudí ya tsara, mai lanƙwashe-lanƙwashe da launuka, yana manne da maƙwabcinsa mai kai irin na matakala, ba su yi kama ta ko'ina ba, har mutanen garin suka laƙaba wa layin sunan saɓani. Duk da haka titin bai watse ba, don tsayinsu ya yi kusa kuma sun tsaya a sahu ɗaya.

Kishiyar wannan ita ce Brasilia, babban birnin Birazil da aka buɗe a 1960, tsarin Lúcio Costa da gine-ginen Oscar Niemeyer. Kowane gini shi kaɗai abin kallo ne, daga sama kuma tsarin ya yi kyau ƙwarai. Amma tazarar da ke tsakaninsu ta mota ce, mai ƙafa sai ya sha rana kafin ya kai daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Tunda kana tsaye, duba sahun. Shin fuskokin gine-ginen sun tsaya a layi ɗaya a bakin hanyar masu ƙafa, ko wani ya ja da baya ya shimfiɗa wurin ajiye motoci a gabansa? Gini ɗaya da ya ja baya a cikin jeri yana yi wa titi abin da giɓi ke yi wa haƙora: komai kyan sauran, can ido zai fara sauka. Rubuta giɓi nawa ka gani a cikin mita 100 ɗin nan.

Inuwa kuma fa? Tambayi kanka ko za ka iya bin titin nan da tsakar rana, ko ana ruwa, ba tare da ka wahala ba. Birnin Bolonya na Italiya ya yi doka tun 1288 cewa duk sabon gida sai ya fitar da rumfa mai ginshiƙai a kan hanya, mai tsayin da mahayin doki zai wuce, kuma yau rumfunan sun kai kimanin kilomita 62, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021. A Singafo tsarin gari na 1822 na jami'in mulkin mallakar Ingila Raffles ya wajabta wa shaguna barin rufaffiyar hanya mai faɗin ƙafa biyar a gabansu. Gine-ginen garuruwan biyu ba su haɗa komai a salo ba, dabarar ce ɗaya. Inda babu rumfa, bishiyoyi ne ke wannan aikin, da sharaɗin suna kusa da juna har rassansu su haɗu, kuma an bar musu ƙasar da saiwa za ta sha ruwa. Bishiya a cikin ɗan ramin kankare mai faɗin faranti ado ne na shekara biyu.

Wani ɗan gwaji kafin mu wuce: miƙa hannu ka rufe allunan talla da tafinka, ka kalli abin da ya rage. Wani lokaci ginin da ka yanke wa hukuncin muni lafiyarsa ƙalau, an dai binne shi ne. Birnin São Paulo ya yi dokar hana allunan talla a 2006, aka sauke kimanin 15,000, sai ga tsofaffin fuskokin gine-gine da mazauna garin suka manta da su sun bayyana.

Yanzu sai salo

Ka kalli gini ɗaya daga wuri uku. Daga tsallaken titi, duba ko yana da ƙasa da tsakiya da kai, wato hawan ƙasa ya bambanta da na sama, kuma akwai abin da ya nuna nan ginin ya ƙare ya bar wa sama wuri. Daga taku goma, duba tagogi: a tsaye suke ko a kwance, suna da tsari da ido zai bi? Sannan ka matso har ka taɓa shi.

Nan ne na fi daɗewa. Sa hannunka a bakin taga ka ga zurfin da ta shige cikin bango. A tsofaffin gine-gine takan shige kamu guda ko fiye, kuma wannan zurfin ne ke haifar da inuwa a gefen taga, inuwar tana tafiya da rana daga safe zuwa yamma, fuskar ginin tana canzawa ba a taɓa ta ba. A yawancin sababbin gini gilashin yana daidai da fatar bango, babu inuwa, babu motsi, ƙarfe tara na safe da ƙarfe huɗu na yamma duk ɗaya. Mutane da yawa da ke cewa suna ƙin ginin zamani, a ganina wannan shafaffiyar fuskar suke ƙi ba su san sunanta ba. Shafa bangon kuma. Jan bulo da dutse da katako suna tsufa da mutunci, tabo ya zame musu launi. Fale-falen roba da siririn ƙarfen da ake mannawa a jikin gini ranar buɗewa ce ranarsu mafi kyau, daga nan sai kwaɓewa da kumbura. Ƙwanƙwasa ginshiƙi da yatsa: idan ya yi ƙarar fanko, ado ne na manne, kuma wannan cutar ta fi kama masu kwaikwayon tsohon salo da araha.

Daga nan sai ka binciki son ranka, don shi ma yana da ha'inci. Idan ka ce kana son tsohon gini, raba abubuwa huɗu da sukan cakuɗe: salon kansa, shekarunsa, kulawar da yake samu, da jama'ar da ke gabansa. Tsofaffin gine-ginen da muke gani yau su ne waɗanda aka ga sun cancanci a bari, an rushe dubban munana na zamaninsu. Hoton tsohon titi yakan zo da hasken yamma da mutane zaune suna shan shayi, na sabon gini kuma a ɗauke shi ranar hadari babu kowa. Yanzu fito da wayar, ka ɗauki gine-gine biyu masu salo dabam a titi ɗaya, a lokaci ɗaya, daga tsayin idonka, ka ajiye sai gobe ka duba. Nuna wa wani dattijo, ka nuna wa yaro, kada ka gaya musu wanda ka zaɓa.

Kada ka ji kunyar abin da ya fito, ko da masana sun saɓa maka. A 1987 David Halpern, yana ɗalibi a Jami'ar Cambridge, ya nuna wa ɗalibai hotunan fuskokin mutane da na gine-gine. A kan fuskoki ra'ayi ya zo ɗaya. A kan gine-gine kuwa, ɗaliban zanen gini sun so abin da sauran suka ƙi, kuma saɓanin yana ƙaruwa da yawan shekarun karatunsu. Wanda zai bi titin kullum yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Sai dai kada ka ɗauka son jama'a ba ya juyawa. A 1887 manyan marubuta da masu zane na Faransa sun sa hannu a takardar ƙin hasumiyar Eiffel, aka gama ta a 1889, yau ita ce alamar ƙasar. Gidajen Haussmann ma a zamaninsu an zarge su da kama da juna har gundura. Amma ba kowane abin ƙi ne lokaci ke wanke shi ba: dogon benen Montparnasse na Paris mai mita 210 da aka gama a 1973 har yau bai samu shiga zukata ba, shi ya jawo dokar 1977 da ta tsayar da tsayin gini a mita 37 a birnin, kuma mutanen Paris na barkwancin cewa daga samansa ne aka fi ganin kyan gari, tunda nan kaɗai ne ba a ganinsa. Da an bi shawarar mai zanen gini Le Corbusier ta 1925, ta rushe wani yanki na tsakiyar birnin a kafa dogayen benaye 18 masu hawa 60, da yau wani labarin ake yi.

Ni dai, idan ka matsa mini, jan bulo nake so, hawa biyar, taga mai zurfi, shago a ƙasa. Amma ba zan ce zamani ne mai laifi ba, don Asmara ta ƙaryata ni. Tsakiyar babban birnin Eritiriya cike take da gine-ginen salon zamani na shekarun 1930, marasa sassaƙa, har da gidan man Fiat Tagliero na 1938 mai fukafukan kankare, kuma UNESCO ta karrama birnin a 2017. Titunansa suna da daɗin tafiya saboda gine-ginen gajeru ne, suna sahu, ƙofofinsu na kallon titi. Cibiyar Pompidou ta Paris da aka buɗe a 1977, mai bututu a waje kamar matatar mai, mutane da yawa ba sa son ganinta, amma masu zanenta Piano da Rogers sun bar kusan rabin filin ya zama dandali mai gangare, jama'a kuwa suka cika shi.

Masu son tsohon salo sukan kawo Frankfurt ta Jamus. An rushe wani katafaren ginin kankare na hukumar birni na shekarun 1970, aka maye gurbinsa da unguwar da aka buɗe a 2018 mai gidaje 35, 15 daga ciki kwafin waɗanda yaƙin duniya na biyu ya cinye, 20 sabon zane. Jama'a sun yi tururuwa, wasu masana suka ce dandalin wasan kwaikwayo ne. Idon safiyo abin da ya gani shi ne fili ɗaya da aka mayar fuloti 35, aka dawo da tsofaffin lunguna. Ƙofa ɗaya ta zama gommai. Ko da duka gidajen sabon zane ne, ina da yaƙinin ƙafafun mutane za su rage sauri a wurin. Warsaw ta Folan kuwa maganarta dabam ce: an lalata fiye da kashi 85 cikin ɗari na tsohon garin a 1944, mutanensa suka sake gina shi suna duba hotunan garin da mai zane Bellotto ya zana a ƙarni na 18, kuma wanda ya kira wannan kwaikwayo bai fahimci abin da suka rasa ba.

Koma da dare

Awonka bai cika ba sai ka dawo bayan an rufe ofisoshi. Ɗaga kai ka ƙirga tagogin sama masu haske. Idan duk duhu ne, babu mai kwana a titin, kuma da ƙarfe tara zai zama wurin da mace ita kaɗai ba za ta so bi ba. Marubuciya Jane Jacobs ta faɗi wannan tun 1961 game da birnin New York: tsaron titi yana zuwa ne daga idanun mazauna da masu shaguna da ke kallonsa a lokuta dabam-dabam. Duba fitilu kuma, ko an yi su don mai ƙafa ne, gajeru kusa da juna, ko dogaye ne masu haska kwalta su bar gefen hanya cikin duhu. Saurara ko kana iya hira da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Lokacin da Kofenhagen ta Denmak ta hana motoci bin titin Strøget a 1962, 'yan kasuwa sun yi ta kukan ciniki zai mutu, wasu suka ce mutanen ƙasar sanyi ba sa zaman waje. Gine-ginen ba su canza ba, motocin kawai aka cire, titin ya cika.

Amfanin duk wannan yana zuwa ranar da aka kafa allo a tsakiyar gari da hoton ginin da za a yi, ko aka kira taron jin ra'ayin jama'a. Irin hoton nan kusan kullum daga sama ake zana shi, inda tsuntsu kaɗai ke tsayawa, da manyan bishiyoyi da mutane masu murmushi. Na taɓa auna wani fili da hotonsa ke ɗauke da jerin bishiyoyi, alhali taswirar ƙasa ta nuna ɗakin ajiye motoci ne a ƙarƙashin wurin, babu inda saiwa za ta shiga. Nemi taswirar hawan ƙasa, ka ɗora yatsa ka ƙirga ƙofofin da ke buɗewa titi. Tambayi ta ina motoci za su shiga, ina za a tara shara, wane gefe na'urorin sanyi za su hura. Tambayi tsayin ginin a mita, ka gwada da faɗin titin da ka riga ka auna. Ka roƙi a nuna maka zanen daga tsayin mita ɗaya da rabi, a tsaye a bakin hanya, tare da maƙwabtansa na dama da hagu, bishiyoyin kuma a girman da za a dasa su. Sannan ka ce a kawo samfurin abin da za a lulluɓe bangon da shi, a gaya maka wani gini da aka yi da irinsa shekara goma da suka wuce, ka je ka shafa shi da hannunka.